Kafin Ka Sake Ƙona Data

Watan jiya ina sauke wani gem mai gigabait 12, kashi 6, sai sabis ya ɗauke. Da na gama, gem ya ƙi tashi. Sau uku ina tura wa kamfanin saƙo, amsarsu ɗaya: goge, ka sake saukewa. Da wace data?

Ga abin da na koya. Kowane fayil yana da lambar tantancewa, SHA-256, mai haruffa 64. A Windows, buɗe Command Prompt, rubuta certutil -hashfile, sunan fayil, sannan SHA256. Kwatanta sakamakon da lambar da ke shafin kamfanin. Ko harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin ya lalace.

Nawa kashi ɗaya ne kawai ya lalace. Shi kaɗai na sake saukewa, gigabait 10 suka tsira.