Amsoshin Wasiƙunku: Faifan Roba ko Hular Bakin Mahaifa?

Wasiƙar farko a yau ta fito ne daga wata baiwar Allah a Maraɗi, mai 'ya'ya uku. Ta ce allurar tazarar haihuwa ta rikita mata al'ada, don haka ita da maigidanta suna neman hanyar da ba ruwanta da jini. Ta ji labarin robobi iri biyu da mace ke sawa da kanta kafin saduwa, shi ne take tambaya wanne ya fi.

To Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Duka biyun aikinsu ɗaya, su tare bakin mahaifa kada maniyyi ya wuce, kuma duka sai an shafa musu man da ke kashe ƙwayoyin maniyyi ko ya hana su motsi. Bambancin yana wajen zama. Faifan roba, wanda likitoci ke kira dayafaram, yana da faɗi da baki mai lanƙwasuwa. Za ki matse shi da yatsu biyu, ki tura shi ciki, ya buɗe ya rufe bakin mahaifa, gefensa na gaba ya jingina a bayan ƙashin mara. Ita kuwa hular ƙarama ce, kan bakin mahaifar kaɗai take kamawa, kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata.

Nan ne maganar 'ya'yanki uku ta shigo. Haihuwa takan sauya siffar bakin mahaifa, sai hular ta daina kamawa sosai, tana iya gocewa ba ki sani ba. Hular da aka fi sani, FemCap, wadda aka amince da ita a Amurka a 2003, girma uku gare ta: milimita 22 ga wadda ba ta taɓa ciki ba, 26 ga wadda ta yi ɓari ko ta haihu ta hanyar tiyata, 30 ga wadda ta haihu da kanta. Duk da haka, cikin mata 100 da suka taɓa haihuwa da kansu, kusan 29 kan ɗauki ciki a shekara guda suna amfani da ita. Ga waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, kusan 14 ne. Faifan roba kuwa ƙiyasinsa tsakanin 12 ne zuwa 17. Don haka ba zan ɓoye miki ba, Hajiya: a halin da kike, faifan ya fi miki.

Abin da hular ta fi shi shi ne jimawa. Tana iya kai awa 48 a jiki, shi kuwa kada ya wuce awa 24. Amma kowanne kika sa, kada ki cire sai an yi awa 6 da saduwa. Ki yi wankanki, ki yi tsarkin waje, amma ban da zura ruwa ciki kafin lokacin ya cika, don zai wanke man. In an sake kusantar juna kafin ki cire faifan, a ƙara man ba tare da an taɓa shi ba. Ki guji sa su lokacin al'ada. Wasu matan kuma faifan kan jawo musu yawan ciwon fitsari.

Tunda a Nijar kike, ki tambayi ungozomarku game da Caya. Faifai ne mai girma ɗaya da ke dacewa da yawancin mata, an kawo shi Yamai a 2019, kuma guda ɗaya na iya yin shekara biyu in ana wanke shi da sabulu maras ƙamshi ana busarwa.

Sai wani magidanci daga Zariya, yana tambaya ko robobin nan suna kare mutum daga cuta. Malam, na ji daɗi da namiji ya rubuto a kan wannan. Amsar ita ce a'a, ba a dogara da su wajen kariya daga ƙanjamau ko ciwon sanyi, wannan aikin kororon roba ne. Hasali ma, yawan amfani da man da ke ɗauke da nonoxynol-9 yana iya ƙuje fatar ciki, ya sauƙaƙa wa ƙanjamau shiga.

Wata mai jego daga Katsina kuma tana tsoron kwanika. 'Yar'uwa, robobin nan ba sa taɓa nono ko kaɗan, amma ki bari sai bayan mako 6 da haihuwa, jiki ya koma daidai, a duba ki tukuna. In kuwa likita ya ce sabon ciki haɗari ne ga ranki, roƙona gare ki kada ki tsaya a kan waɗannan biyun. Cikin masu amfani da ashanar hannu ko robar cikin mahaifa, waɗanda ke ɗaukar ciki a shekara ba sa kai ko mace 1 cikin 100. Ki ja maigida ku je asibiti tare, a zauna a yi muku bayani.