Darasin Kwamfuta: Idan Farantin Faifai Ya Ƙi Fitowa

Yawancin sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da wurin saka faifai, amma a ƙananan ofisoshinmu tsofaffin ne ke aiki, kuma akwai rahotanni, hotunan rijiyoyi da wa'azin da ba mu da kwafinsu ko'ina sai a CD. Ranar da faranti ya maƙale da irin wannan faifai a ciki, don Allah kada a ɗauko wuƙa ko sukudireba. Haƙoran robar da ke tura farantin ƙanana ne, in sun karye sai dai a sayi wani.

Da farko ku duba ko manhaja ce ta riƙe shi. Idan ana kwafa abu a kan faifai, kwamfuta takan kulle farantin har a gama. Ku rufe duk abin da ke buɗe, ku shiga This PC, wato My Computer a tsohuwar Windows XP, ku danna alamar faifan da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi Eject. In ya ƙi, ku kashe kwamfutar ku sake kunnawa, ku danna maɓallin farantin tun Windows ba ta tashi ba. Idan ya fito a lokacin, injin lafiyarsa ƙalau.

Daga nan sai a sa ido da kunne. Idan 'yar fitilar gaba ba ta ko ƙyaftawa, wuta ce ba ta isa, mai yiwuwa wayar da ke ciki ta kwance. Idan kuwa kun ji ƙarar injin amma faranti bai motsa ba, yawanci bel ne. Wani ɗan zoben roba ne da ke haɗa injin da haƙoran, zafi da tsufa su sa ya saki, ƙurar hunturu kuma ta sa ya riƙa zamewa. A ganina wannan ya fi kowace matsala yawa a wurarenmu, musamman inda ake barin taga a buɗe. Wani lokaci in an ƙwanƙwasa fuskar farantin a hankali da yatsa ana danna maɓallin, yakan fito.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce ɗan ramin gaggawa. Ku duba kusa da maɓallin, za ku ga rami kamar na allura. Ku kashe kwamfutar, ku cire ta daga soket, ku ɗan jira faifan ya daina juyawa, domin buɗewa yana juyi na iya karce shi. Sai ku miƙe kilif ɗin takarda, ku tura shi ciki sosai har ku ji ya tokare abu. Farantin zai leƙo kaɗan, ku ja sauran da hannu. Kada a yi da tsinken sakace ko ashana, sukan karye a ciki. Kwamfutar da ke haɗiye faifai ta tsaga ba tare da faranti ba galibi ba ta da wannan rami, ita sai mai gyara.

Da zarar faifan ya fito, ku kwafe abin da ke ciki zuwa filash kafin komai. CD ɗaya galibi bai wuce MB 700 ba, DVD na yau da kullum kuma GB 4.7, ƙaramin filash ma zai ɗauki da yawa. Mai gyara zai iya goge bel ɗin da sifirit ko ya canza shi. In injin ne ya mutu, na waje mai shiga ta USB ya wadatar, ofisoshi biyu ma za su iya aron juna.