Amsar Tambaya: A Ɓoye Wa Manemi Ciwon Yarinya?

Wata uwa daga Jama'are ta rubuto cewa 'yarta mai shekara 26 tana da sikizofiriniya, ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum jin muryoyin da babu su. Ta samu sauƙi da magani, ga manemi ya fito, dangi kuma sun ce a yi shiru.

Hajiya, ki fara kwantar da hankalinki. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 ke da wannan ciwo. Yakan kama namiji tun yana saurayi, kafin ya kafa sana'a ko ya haɗa lefe, shi ya sa maza da yawa ke ƙarewa ba aure. Mace kuwa yakan zo mata a makare, sau da yawa tana ɗakin miji. Sai dai ranar da ciwon ya motsa ta daina girki, ta zauna tana magana ita kaɗai, a ce aljanu ne, a miƙa mata takardar saki.

Ɓoyewa kuskure ne babba. A mazhabar Malikiyya, taɓin hankalin da aka ɓoye kafin ɗaurin aure na ba wa ɗayan damar warware auren. Matar da ke ɓoye ƙwayoyinta a ƙasan akwati kuma ba ta daɗewa ba ta daina sha ba.

Waliyyi ya zaunar da manemin ya gaya masa gaskiya. Sannan su je tare wurin likitan ƙwaƙwalwa, a Azare ko Dawanau ta Kano, ya yi musu bayanin magani da batun juna biyu kafin a sa rana.