Su a Tsaye Kan Allon Ruwa

Tambaya: Na sayi allon nan da ake tuƙawa a tsaye da filafili. Zan iya su da shi a madatsar Tiga?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, amma banda tsakiyar ruwa. Yi sammako kafin iska ta taso, ka bi gefen ciyayi inda karfasa da tarwaɗa ke kiwo. Allon ba shi da gefe irin na kwale-kwale, don haka in babban kifi ya ja ƙugiya, maza durƙusa. Kada ka fafata da shi a tsaye. Sa rigar kariya, ka ɗaure allon a ƙafarka. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa kuwa, haƙura kawai. Don Allah kada ka shiga ruwa ba ka sanar da masuntan wurin ba.