YADDA AKE KULA DA KULOCI DA ƘARƘASHIN MOTA BAYAN AN RATSA RUWA DA TAƁO

A watan Agusta ne aka fi samun ruwan sama a Arewacin Nijeriya. Rafuka sukan cika, fadamu su kawo, hanyoyin ƙauye su zama taɓo. Duk da haka ba a fasa cin kasuwa, ba a kuma fasa kai marasa lafiya asibiti. Motocin da ke wannan wahala su ne irin su Land Rover, da Toyota Hilux, da Land Cruiser, da a-kori-kura.

Wannan darasi na direbobi ne, da yaran mota, da masu motoci, da ƙungiyoyin manoma da suka haɗa kuɗi suka sayi mota. Wanda ya iya karatu ya karanta wa ɗan'uwansa.

Ga abin da muke so a gane. Mota takan fito daga ruwa tana tafiya lafiya lau, alhali ta kwaso ciwo a ɓoye. Ciwon ba ya bayyana sai bayan 'yan makonni. Lokacin nan kuwa gyara ya riga ya yi tsada.

YADDA ƘARFI KE ISA GA TAYA

Ƙarfin mota daga inji yake fitowa. Daga inji sai ya bi ta kuloci, ya shiga akwatin giya. Daga nan ya bi ta wani dogon ƙarfe mai juyawa da ake kira farfela, ya isa aksul, sannan tayoyi su juya. Motar da ke ja da ƙafa huɗu tana da farfela biyu da aksul biyu. Tana kuma da ƙarin akwati mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya.

Shi kuloci faifai ne, kamar faifan rufe ƙwarya. Yana matse tsakanin ƙarafa biyu masu faɗi. Idan direba ya taka kuloci, ƙarafan su saki faifan, inji ya rabu da giya. Idan ya ɗaga ƙafa, su sake damƙe shi. A bushe faifan nan yake aiki. Ruwa da mai da yashi duk abokan gabansa ne.

KAFIN A SHIGA RUWA

1. Tsaya ka auna zurfin ruwan da sanda. Kamfanin da ya ƙera tsohuwar Land Rover Defender, wadda aka daina yi a 2016, ya ce kada zurfin ya wuce rabin mita. Wato kusan gwiwar babban mutum ke nan. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da mota da mutanen cikinta. Idan ka ga irinsa, ka jira ya janye.

2. Idan motar ta sha tafiya, ka bari ƙarƙashinta ya huce kaɗan. Za mu ga dalili a gaba.

3. Ka zaɓi giyarka tun kana kan tudu. Sa giyar ƙafa huɗu mai ƙarfi, ka shiga a lamba ɗaya ko lamba biyu, ka tafi a hankali ba tsayawa.

4. Kada ka taka kuloci a cikin ruwa ko taɓo mai zurfi. Da zarar ka taka, faifan ya buɗe, ruwa da yashi su shige tsakani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5. A ƙasan gidan kuloci akwai ɗan rami na tsiyayar da mai ko ruwa. Tsofaffin Land Rover suna zuwa da noti na toshe ramin kafin shiga ruwa. Wanda ya ɗaura shi, lalle ne ya kwance shi bayan ya fito.

IDAN MOTA TA KAFE

A nan ne direbobi da yawa ke kashe kuloci. Mota ta kafe a taɓo, direba ya yi ta ba ta wuta da rabin kuloci, gaba da baya, har a ji ƙauri. Ƙaurin nan faifan ne ke ƙonewa. 'Yan mintoci kaɗan na irin wannan sun isa su cinye kulocin da zai yi shekaru.

Abin yi shi ne a sauke fasinja da kaya. A haƙe taɓon da ke gaban tayoyi da wanda ya tokare aksul. A shimfiɗa rassa ko duwatsu ko katako. A ɗan rage iskar taya. Sannan direba ya saki kuloci gaba ɗaya, ya ba da wuta kaɗan. Idan ta ƙi, a nemi tarakta ko wata mota ta ja.

Idan kuwa inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a sake tayar da shi. Mai yiwuwa ya sha ruwa, tayarwa kuma tana iya lanƙwasa ƙarafan cikinsa. A jawo motar waje a kira bakanike.

DA ZARAR AN FITO

Ka fara da birki. Yi tafiya a hankali kana ɗan taka shi, har ya bushe ya soma kamawa.

Kada ka ajiye mota da jiƙaƙƙen kuloci. Ka yi tafiya da ita kana canja giya, domin zafi ya busar da shi. Idan ta yi kwanaki a ajiye da danshi, tsatsa tana iya manne faifan da ƙarfen inji. Ranar da ka zo tashi, giya ta ƙi shiga.

Idan ka hau kwalta, ka cire giyar ƙafa huɗu. A yawancin waɗannan motoci, tafiya da ita a busasshiyar hanya tana murɗe farfela, tana cinye taya.

A ranar nan ka wanke ƙarƙashin mota tun taɓo bai bushe ba. Laka tana riƙe danshi, danshi kuma shi ke kawo tsatsa. Ka tsokane ramin gidan kuloci da ƙusa, ka ga ko ruwa ko laka za su fito.

RUWAN DA KE ƁUYA CIKIN MAI

Wannan shi ne babban sashen darasinmu. Aksul da akwatin giya cike suke da man giya da iska. Idan mota na tafiya sukan yi zafi. Kowannensu yana da ɗan hancin numfashi a samansa. Idan aksul mai zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta hancin nan, ko ta robobin da ke tare mai.

Kuna iya gwadawa a gida. Zuba ruwan ɗumi a gorar roba, ka zubar, ka rufe ta da sauri, ka tsoma ta a ruwan randa. Za ka ga ta lotse. Da akwai huda a jikinta, da ruwa ta zuƙa.

Man da ya gauraya da ruwa ba ya kare ƙarfe. Haƙoran giya da boris sai su yi ta cin junansu. Ga yadda ake dubawa:

1. Ajiye mota a wuri mai faɗi ta kwana. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka yakan kwanta a ƙasa.

2. Da safe ka fara kwance notin zuba mai na sama. Ka tsoma yatsa. Mai mai kyau ruwan zuma gare shi. Idan ya yi fari kamar kunu ko shayi mai madara, ruwa ya shiga.

3. Ka ɗan sassauta notin ƙasa. Idan akwai ruwa, shi zai fara ɗigowa.

4. Idan ka ga ruwa, juye man duka, ka zuba sabo har ya kawo bakin ramin sama. Yawanci man giya mai lamba 90 ake sa wa aksul. Wasu akwatunan giya nasu man daban ne, sai a tambayi bakanike.

5. Ka duba aksul na gaba da na baya, da akwatin giya, da akwatin raba ƙarfi. Ka kuma duba baƙin man inji.

Aksul ɗaya yakan ci mai kamar lita 2 zuwa 3. Ku kwatanta kuɗin wannan da na sabon aksul, da kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo ko kwabo.

Mai bin ruwa kullum yana iya sa bakanike ya ɗaura wa hancin numfashin dogon tiyo, ya kai bakinsa sama kusa da inji.

GIRIS

Ruwa yana wanke giris. A gaɓoɓin farfela akwai 'yan nonuwa na ɗura shi. Goge su, ka ɗura sabo har ka ga tsohon ya fito tare da ruwa. Ka duba robobin da ke rufe gaɓoɓin tayoyin gaba. Wadda ta yage a canja ta nan da nan. Idan taya ta soma gurnani a tafiya, a buɗe boris a duba.

ALAMUN KULOCI YA SAMU MATSALA

1. Inji yana ihu amma mota ba ta ƙara gudu, musamman a hawa.
2. Mota tana karkarwa idan za ta tashi.
3. Giya tana wuyar shiga ko tana ƙara.
4. Ana jin kuka idan an taka kuloci.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya je gareji da wuri. Canja kuloci sai an sauke akwatin giya, aiki ne babba. Gara a yi shi a gari da a yi shi a daji, da buhunan jama'a a kan mota.

GARGAƊI

Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka sa wa tayoyi waigi. Kada a hura ƙurar kuloci ko ta birki da baki, tana cutar da huhu. Kada a zubar da tsohon mai kusa da rijiya ko rafi ko gona.

Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ba a taka kuloci a cikin ruwa?
2. Yaya ruwa ke shiga aksul?
3. Wane launi man giya ke komawa idan ruwa ya shiga?
4. Rubuta abubuwa uku da za ka yi idan mota ta kafe.