Maki ko Tsabar Kuɗi: Da Wanne Za Mu Hau Jirgin Ruwa?

TAMBAYA: Ni da maigidana muna zaune a jihar Teksas ta Amurka da yaranmu uku. Shekarun baya muka sayi rabo a Disney Vacation Club, ana ba mu maki 300 duk shekara, mu kuma muna biyan kuɗin kula da gini, na bana ya kama dala 2,550. Yanzu Innata za ta zo daga Kano, yara kuma sun matsa sai a kai su yawon jirgin ruwa zuwa Bahamas, na kwana huɗu. Mu shida ne, ɗaki biyu. An ce mana dala 7,200 in da kuɗi ne, in kuma da maki ne 900. Maigida ya ce a yi da maki tunda mun riga mun biya, kamar kyauta ce. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, amma na kasa gane dalili. Don Allah a warware mana.

Mai karatu, daga Teksas

AMSA: A wannan karon zuciyarki ta fi maigida iya lissafi, sai dai ki san yadda za ki faɗa masa. Ku biya jirgin da kuɗi, ku bar makin ga ɗakunan kwana. Dalilin yana cikin alƙaluman da kika aiko, amma bari in fara da ɗan bayani saboda masu karatu na gida da ba su saba da irin wannan ciniki ba.

Tsari ne na mutane da yawa su yi tarayya a kan masaukin hutu ɗaya, kowa ya biya kuɗi mai kauri tun farko, ya riƙa samun rabonsa na kwanaki duk shekara. A Turai aka faro shi. Kamfanin Hapimag na ƙasar Siwizalan, wanda aka kafa a 1963, yana cikin na farko. Da can mako guda ake yanka wa mutum, a ɗaki kaza, a wata kaza. Daga baya aka koma ba da maki, mutum ya kashe su yadda ya ga dama: ɗaki babba ya ci maki da yawa, ƙarami kaɗan, lokacin hutun makaranta ya fi tsada. Disney ta shiga harkar a 1991 a jihar Fulorida. Marriott da Hilton da Wyndham duk suna da irin nasu, kuma su ma suna barin mai maki ya musanya su da tafiyar jirgin ruwa. Abin da zan faɗa ya shafe su duka, ko da dokokin kowa sun bambanta.

Ƙungiyar da ke ba ku maki da kamfanin jirgin, wato Disney Cruise Line da ya fara aiki a 1998, uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma kowa da asusunsa. Jirgi kuɗi yake karɓa. Idan kika miƙa maki, ƙungiyar ce za ta ɗauki ɗakin da makin naki zai ba ki a ƙasa, ta nemi baƙon da zai kama shi da kuɗi, sannan ta biya jirgi. Ɗakin yana iya kwana babu kowa, akwai la'adar masu tallata shi, akwai ɗawainiyar ofis, kuma duk wannan daga darajar makinki ake cire shi. Kamar mutum ne ya biya ɗan kasuwa kuɗin buhunan gero tun kaka, daga baya ya dawo ya ce ya fasa, a ba shi atamfa. Ɗan kasuwar zai yarda, amma shi zai yanka wa geron farashi, kuma ba zai cuci kansa ba. Ba zamba ba ce, haka musaya take.

To, mu zo ga alƙalumanki. Raba 7,200 gida 900, kowane maki ya tashi dala 8. Yanzu raba kuɗin kula da gini, 2,550, gida 300: dala 8 da rabi ke nan kike biya a kan kowane maki duk shekara. Maki 900 kuma makinku ne na shekara uku cur, wanda kuɗin kula da gininsa kaɗai ya kai dala 7,650, in ma bai ƙaru ba, alhali kusan duk shekara sai ya ɗan hau. Wato tun ba a taɓo kuɗin sayen rabon ba, tafiyar dala 7,200 ta ci dala 7,650. Ba ki faɗi nawa kuka saya ba. A ƙaddara dala 180 kowane maki, da sauran shekara 30 a yarjejeniyar, domin irin wannan rabo yana da ranar ƙarewa. Tsofaffin masaukan Disney da dama a 2042 nasu zai ƙare. Raba 180 gida 30, ya ƙara dala 6 a kan kowane maki duk shekara, sai makin ya koma dala 14 da rabi, tafiyar kuma ta haura dala 13,000. Ki sa naku alƙaluman na gaskiya a gurbin nawa, amma ba na jin labarin zai sauya.

Maigida yana da hujja guda, kuma bai kamata a raina ta ba. Zai ce kuɗin saye an riga an biya, na kula da gini ma dole ne ko an yi tafiya ko ba a yi ba, saboda haka mene ne amfanin tono su? Gaskiyarsa, abin da ya wuce ya wuce. Amma wannan hujjar tana tsayawa ne kawai idan makin ba shi da wani amfani sai jirgi. Tambayar da ta dace ita ce: wannan maki 900, me zai iya kawo muku yau ta wata hanyar? Hutun shekara uku a masaukin da, in da kuɗi ne, ɗakinsa yana da tsadar gaske. Ko kuma kuɗi a hannu.

Eh, kuɗi a hannu, domin ana ba da hayar maki. Akwai dillalai a Amurka da wannan ce sana'arsu: su haɗa mai maki da iyalin da ke son kwana a masaukin Disney ba tare da sun sayi rabo ba. Ke za ki kama ɗakin da sunan baƙon, dillali ya karɓi kuɗi, ya cire la'adarsa, ya ba ki naki. Farashin yana hawa yana sauka gwargwadon masauki da lokaci, ki tambayi biyu ko uku ki ji na yau. Don lissafi, mu ɗauka dala 16 za su ba ki. Maki 450 ya biya dala 7,200 ɗin nan, ku hau wannan jirgin, a ɗakunan nan biyu, a wannan ranar, ga sauran maki 450 a asusunku. Wasu dillalan ma sukan haɗa cinikin biyu a wuri ɗaya, su karɓi makin su kama muku jirgin.

Hayar tana da nata ƙaiƙayin, kada in yi miki zaƙin baki. Dillali kan ba da wani kaso ne da farko, ragowar sai ranar da baƙo ya shiga ɗaki, saboda haka kuɗin yana iya makara wa ranar da jirgi ya yanka don kammala biya. Sunanki ne a kan ɗakin har baƙon ya fita, kuma dole kuɗin kula da gininku ya kasance a biye, in ba haka ba a hana shi shiga. Abin da kuka samu kuɗin shiga ne a idon hukumar harajin Amurka, sai an bayyana shi. Yarjejeniyar Disney kuma ta hana mutum ya mayar da haya sana'a. Sau ɗaya don iyali su yi tafiya daban yake da wanda ya tara dubban maki yana kasuwanci da su, amma ki karanta takardarku.

Abin da ya fi damuna ma ba lissafin ba ne, zancen Inna ne. Jirgin nan daga tashar Port Canaveral ko wata tashar Fulorida zai tashi, ya tsaya a Bahamas, wadda ƙasa ce mai zaman kanta. Ga mai fasfon Nijeriya, wannan fita ce daga Amurka da sake shigowa. Idan bizarta ta shiga sau ɗaya ce, ko tana dab da ƙarewa, ma'aikatan jirgi suna iya hana ta hawa tun a tasha, kuma a ƙa'idarsu alhakin takardu yana wuyan fasinja. Dokokin bizar Amurka ga 'yan Nijeriya sun sauya a shekarun nan, saboda haka kada ku dogara da yadda aka yi wa wance bara. Ku duba abin da ke rubuce a fasfonta, ku tambayi kamfanin jirgin a rubuce, har da abin da Bahamas ke nema a wurinta. Ga tsufa, ga doguwar tafiya daga Kano. Tafiyar da ke da dattijuwa a ciki, Allah Ya ƙara mata lafiya, tafiya ce da ake barin ƙofar fasawa a buɗe.

Nan ne maki ke ɗaure mutum. Mai biya da kuɗi kafin alƙalami yake ajiyewa, ragowar sai lokaci ya matso, kuma a yawancin ɗakuna in ya fasa kafin wa'adi a maido masa da kuɗinsa ya yi abin da ya ga dama da su. Mai maki kuwa gaba ɗaya ake cire su ranar da ya kama ɗaki, da ƙarin kuɗin musaya da ba a mayarwa, dala 95 aka daɗe ana karɓa. In ya fasa, makin ba ya dawowa yadda ya tafi. Yana dawowa ne da tambari: ba ya kama ɗaki a masaukan ƙungiyar, ba a ɗaga shi zuwa baɗi, kuma da shekarar makin ta ƙare ya mutu. Ku kuma da kuke da 300, ba ku kaiwa 900 sai kun ɗago na bara kun ranto na baɗi, kuma makin da aka ranto ba ya komawa shekararsa. Ranar da aka ce Inna ba za ta iya hawa ba, hutun shekara uku ne zai shiga wani hali. Sannan rangwamen da kamfanin jirgi kan yi lokaci-lokaci, da ɗan ihsanin da wakilan tafiye-tafiye kan ba fasinja ya kashe a cikin jirgi, galibi na masu kuɗi ne.

Wani sharaɗi kuma, ga wanda ya sayi rabonsa na hannu: duk wanda ya saya daga wani mai rabo tun daga 21 ga Maris 2011, makinsa ba ya hawa jirgi sam. Tunda har sun yanka muku 900, da alama naku daga kamfani kuka saya. Na faɗa ne don kada mai talla ya ruɗi wani da cewa ya biya farashin kamfani mai tsada domin ya samu damar jirgi. Damar da lissafi ya nuna ba a so a yi amfani da ita ba ta cancanci ƙarin ko sisi ba.

Akwai inda zan ce a yi da maki? Akwai, amma wurin ƙunci ne. Mutumin da makinsa ya taru, ba ya son kwana a masauki bana, ba ya son mu'amala da dillali da baƙo, kuma kuɗin hannunsa yana da wata hidimar, dala 8 ta fi masa babu. Ko shi ma sai ya yi da wuri, domin ɗaga maki zuwa baɗi a cikin wata takwas na farkon shekarar makin ake yi, kuma ba a barin mutum ya kama jirgi a wata huɗun ƙarshe don tafiya a cikin waɗannan watannin. Ana kuma iya raba ƙafa, a biya wa mutum ɗaya ko biyu da maki, sauran da kuɗi. In maigida ya kafe, wannan ce sulhun da zan ba da, da sharaɗin kujerar Inna ta kasance ta kuɗi, a haɗa mata da inshorar tafiya.

Inda makinku zai yi aikinsa a wannan tafiyar shi ne kafin jirgi da bayansa. Daga Orlando, inda yawancin masaukan ƙungiyar suke, zuwa Port Canaveral kimanin awa ɗaya ne a mota, kuma jirgi ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara, don haka dama sai kun iso aƙalla kwana ɗaya kafin ranar. Ku kama masauki mai ɗaki biyu da kicin da makinku, kwana biyu ko uku, Inna ta huta, ki dafa mata abin da bakinta ya saba da shi. Masaukin da kuka sayi rabo a cikinsa ana kama shi tun saura wata 11, sauran kuma saura wata 7, kuma na lokacin hutun makaranta ba ya daɗewa. Ki kuma ware kuɗin tukuicin ma'aikatan jirgi, wanda ake lissafawa a kan kowane fasinja kowane dare har yara, da na yawo in an sauka a tsibiri, domin ko da maki ko da kuɗi waɗannan daga aljihu suke fita. Amma kafin a ajiye ko dala ɗaya, a turo muku hoton shafin bizar Inna ku karanta shi da kyau.