Dokin ƙofa da ƙarƙashin ƙyaure: a gyara su tun kafin malka

A Gidan Sori ta gundumar Gidan Rumji, da garuruwan Agye da Gazawa, yawancin ɗakunan kwana da ƙasa ake gina su. Idan rani ya yi nisa, mai gida yakan hau bisa soro ya toshe tsaga, ya gyara indararo, ya sake yaɓen bango. Aiki ne mai kyau. Amma akwai wuri ɗaya da ido ba ya yawan kaiwa, ko da yake ƙafa tana tsallake shi kullum. Wurin nan shi ne ƙarƙashin ƙyaure.

Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Idan ruwa ya kwanta a gindin bango, ƙasa tana shan shi kamar yadda lagwani yake shan mai. Tubali ya yi laushi, nauyin rufi yana bisa kansa, sai bango ya tsage ko ya zauna. Ruwan da ya shiga ta ƙofa ya fi na waje ɓarna, domin a cikin ɗaki babu rana, babu iskar da za ta busar da shi. Bango yana jiƙa ta waje, yana jiƙa ta ciki.

Mutanen jihar Maraɗi sun san wannan masifa. A shekarar 1945 ambaliyar Gulbi ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har aka mai da gari bisa tudu. A ƙarshen watan Agusta na 2024 kuma, ruwa wajen milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi, mutane 15 suka rasu. A damanar wannan shekara ta 2024 sama da mutane 300 suka rasa rayukansu a ƙasar Nijar, kuma waɗanda gini ya faɗa wa sun fi waɗanda ruwa ya ci yawa. Dokin ƙofa ba zai tare ambaliya irin wannan ba. Wanda gidansa yake cikin hanyar ruwa, maganinsa tashi. Abin da dokin ƙofa yake tarewa shi ne ruwan yau da gobe, wanda yake cin gindin ɗaki sannu sannu, har babban ruwa ya zo ya iske shi ba ƙarfi.

Lissafin ruwan rufi

Malaman gona suna auna ruwan sama da milimita. Milimita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Shigifa mai mita 4 tsawo da mita 3 faɗi, rufinta mita 12 ne. Idan aka yi ruwa milimita 50, lita 600 ke sauka daga wannan rufi, wato tano 3 masu cin lita 200. Duk wannan ruwa ta bakin indararo yake fita. Idan indararon yana kusa da ƙofa, ko gajere ne, to mai gida da hannunsa ya kawo tano 3 na ruwa bakin ɗakinsa. Saboda haka gyaran ƙofa daga indararo yake farawa. A mai da shi wani gefe, a ƙara masa tsawo, a jera duwatsu inda ruwan yake faɗuwa don kada ya haƙa rami.

Hadari kuma galibi daga gabas yake tasowa. Shi ya sa bangon gabas ya fi saurin zaizayewa, kuma ƙofar da ke duban gabas ta fi shan feshi. Wanda zai yi sabon gini ya tuna da haka. Wanda ya riga ya gina, ya yi ƴar rumfa a bisa ƙofar, ko da ta zana ce.

Ginin dokin ƙofa

Ya kamata daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu. A gidaje da yawa abin ya juya. Kowace safiya ana share ɗaki, ƙasa tana raguwa. A waje kuwa iska tana tara rairayi, tsohon yaɓe yana zubowa, tsakar gida tana hawa. Bayan ƴan shekaru ɗaki ya zama rami. Mai irin wannan ɗaki ya fara da ciko: a zuba jar ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai. A waje a kwashe rairayin da ya taru, a yi gangara daga bango zuwa magudana.

Shi dokin ƙofa, tsayin taƙi ɗaya ya isa, wato santimita 15 zuwa 20. Idan ya wuce haka, tsofaffi da masu ciki da ƙananan yara za su riƙa tuntuɓe da dare. In dole ne ya yi tsayi, a yi masa mataki. A haƙa ɗan rami a bakin ƙofa, a jera duwatsu ko bulo, kuma a shigar da shi cikin bango dama da hagu kamar yatsa 4. A kusurwar nan ne ruwa ya fi samun hanya. Samansa ya ɗan karkata zuwa waje.

Mai hali ya kama duwatsun da siminti: awo 1 na siminti, awo 4 na rairayi mai tsabta, marar laka. A riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7, kada a taka shi kwana 2 na farko. Buhu ɗaya mai kilo 50 zai ishi ƙofofi da yawa, saboda haka maƙwabta ko ɗaliban aji ɗaya suna iya haɗa kuɗi su saya tare. Wasu sukan shafa siminti kawai a bisa dokin ƙasa. Wannan asarar kuɗi ce. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yana tsagewa, ruwa ya shiga ta baya ya cinye ƙasar, a bar ɓawo. Marar halin siminti ya yi da laka mai kyau da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana, ya shafe da makuba in ana samunta, ya kuma sabunta kowace shekara.

Ƙyauren kansa

A nan sai a duba ta ina ƙyaure yake buɗewa. Idan waje yake buɗewa, abin da sauƙi: gindinsa ya sauko ya rufe gaban dokin da kamar yatsa 2, ruwan da ya bi jikinsa ya ɗiga waje. Idan ciki yake buɗewa, doki yana gaba, ƙyaure yana baya. Ruwan feshi zai bi jikin ƙyauren ya sauka a bayan doki, wato cikin ɗaki. Mutane da yawa sun gina doki mai kyau, suka wayi gari tabarma a jiƙe, suka ce aikin banza ne. Doki bai yi laifi ba, ƙyauren ne ba shi da leɓe.

Leɓen nan da robar cikin taya ake yi, irin wadda ake ɗinka guga da ita. A yanko faɗin yatsa 4 zuwa 5, tsawonta daidai faɗin ƙyaure. A kafa ta a fuskar waje, sama da doki kaɗan, yadda idan an rufe ƙofa bakin robar zai kwanta bisa dokin, ruwa ya bi ta kanta ya gangara waje. Kada a buga ƙusa a kan roba tsirara, za ta yage. A ɗora siririn katako ko yankin gwangwani, a buga ƙusa bayan kowane santimita 10. Ƙyauren ƙarfe kuwa a kai wa mai walda ya huda, a ɗaure da noti. Rana tana cin roba, sai a duba ta farkon kowace damana. Gindin ƙyauren katako a shafe shi da baƙin mai na mota saboda gara da ruɓa.

Ƙofar da aka gyara haka tana rage shigar kunama da kusu da kwaɗi da maciji. Sauro kuwa yana da wasu hanyoyi, ta taga da ƙarƙashin rufi. Gidan sauro yana nan da aikinsa.

Lokacin hunturu

A watannin Disamba da Janairu iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, ƙasa take bi. Tana shiga ta ƙarƙashin ƙyaure da ƙura, ta iske yara kwance bisa tabarma. Uwar gida tana iya maganin wannan ba da ko dala ba. Ta samo ƙafar tsohon wando, ta cika da busasshen rairayi, ta ɗaure baki biyu, ta shimfiɗa a gindin ƙyaure bayan an rufe. Da safe a ɗauke. Da damana a ajiye ta, domin jiƙaƙƙen tsumma yana ruɓar da katako.

Ga wani abu mai haɗari ƙwarai. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. A ɗakin da aka toshe ko'ina, tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, tana kashe mutum bai farka ba. Jarirai da masu jego, waɗanda ake yawan hura wa wuta, su ne a gaba. Da can ramin ƙarƙashin ƙyaure yana shigo da iska ba tare da an sani ba. Yanzu an toshe shi. Saboda haka a fitar da kaskon wuta waje kafin a kwanta, kuma a bar taga ta sama a buɗe. Idan aka iske mutum a ɗaki mai garwashi ya kasa tashi, a buɗe ƙofa, a fitar da shi cikin iska, a kai shi likita nan take.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya auna tsawo da faɗin rufin ɗakinsa. Ya lissafa lita nawa za su sauka idan aka yi ruwa milimita 30, kuma tano nawa ke nan. Ya auna yatsa nawa ne tsakanin gindin ƙyaurensa da ƙasa, ya rubuta, ya kawo wa malam.